Ariha da kewayenta: yadda muka bi wuraren ziyara ƙofa bayan ƙofa

Ariha, wadda Kiristoci suka fi sani da Yariko, ƙaramin gari ne a kwarin Kogin Jodan, mutanensa dubu ashirin ne da 'yan kai. Duk wuraren da ake zuwa gani suna cikin tazarar kilomita 12 daga dandalin tsakiyar gari, don haka wanda ya dubi taswira zai ɗauka aikin rabin yini ne. Amma mabuɗan wuraren suna hannu huɗu. Tsofaffin kufai na ƙarƙashin ma'aikatar yawon buɗe ido ta Falasɗinu, gidajen sufaye na hannun Cocin Otodoks ta Girka, maƙamin Annabi Musa na hannun hukumar waƙafi, bakin kogi kuma sojan Isra'ila ke tsare da shi. Kowannensu da lokacin buɗewarsa da ranar hutunsa: wannan Juma'a, wancan Asabar, ɗayan Lahadi. A kan wannan muka tsara tafiyarmu, sannan a kan zafin rana.

Mun shigo ta ƙasar Jodan. Daga Amman zuwa gada tafiyar kamar awa ɗaya ce, gangara zalla. Jodan na kiranta gadar Sarki Husaini, Isra'ila na cewa Allenby, Falasɗinawa kuma Karama, to direba kowane suna ya faɗa, wuri ɗaya yake nufi. A ɓangaren Jodan baƙi da zaurensu daban. Ana biyan harajin fita dinari 10, a karɓi fasfo, sai an hau bas a dawo wa kowa da nasa. Ba a tsallakawa da ƙafa, bas ɗin dole ce, kuma ana biyan kuɗin mutum daban, na jaka daban. A ɗaya ɓangaren jami'an Isra'ila ne ke karɓar kaya su liƙa musu lamba, su yi tambayoyi, sannan su ba da 'yar takarda shuɗiya maimakon hatimi a fasfo. A adana ta sosai, ita ake nema a shingen bincike da masauki. Mai fasfon Najeriya sai ya zo da bizar Isra'ila tun daga gida. Abin da ya fi kama mutane shi ne dawowa: Jodan ba ta bayar da biza a wannan gada, don haka wanda bizarsa ta ƙare yana can ciki sai ya nemi wata mashiga. Juma'a da Asabar a bincika kafin a taso, haka ranakun bukukuwan Yahudawa, kuma tun daga Oktoban 2023 ana yawan rufe gadar ba tare da dogon gargaɗi ba.

Wanda ya taso daga Ƙudus kuwa, bas yake shiga a kusa da Ƙofar Dimashƙu zuwa Izariyya, daga can ya hau sarbis, wato ƙananan motocin haya masu ruwan ɗorawa da ba sa tashi sai sun cika. Ƙudus na kan tudu fiye da mita 700 sama da teku, Ariha kuma kimanin mita 250 ƙasa da shi, saboda haka kunne na toshewa a hanya. Mota mai lamba ruwan ɗorawa ta Isra'ila ce, mai fari da kore ta Falasɗinu. Cikin garin Ariha yanki ne na A, wato inda Falasɗinawa ke da iko, shi ne gari na farko a Gaɓar Yamma ta Kogin Jodan da aka miƙa wa Hukumar Falasɗinu a watan Mayun 1994, kuma a mashigarsa akwai jan allo mai gargaɗin 'yan Isra'ila kada su shiga. Yawancin kamfanonin hayar mota na Isra'ila inshorarsu ba ta aiki bayan wannan allo. Mu direban gari muka ɗauka, muka yi ciniki na yini guda, tare da kuɗin jira a kowane wuri. Wannan magana ta jira a gama ta tun kafin a shiga mota. Shekel ake kashewa, dinarin Jodan ma yana karɓuwa.

Da sassafe muka fara da kwazazzabon Wadi Kilt, domin shi ne ya fi wahalar ƙafa, kuma gidan sufayen da ke ciki yakan rufe tun wajen azahar. Hanyar tana fita ta kudu maso yammacin gari, ta gefen sansanin Aƙabat Jabar, ta hau tsohuwar hanyar Rumawa. Mota na tsayawa a sama, wajen wata ƙofa mai gicciye. Daga nan gangara ce mai tsini a kan daɓen siminti, minti 15 zuwa 20, a tsallake 'yar gada a ƙasan kwazazzabo, a sake hawa kaɗan. Makiyayan wurin na bayar da hayar jakai, kuma wajen hawowa aka fi buƙatarsu, don haka kada a ƙarar da ciniki a kan gangara. Gidan sufayen, mai suna Mar Jiryis, manne yake a jikin dutse. Wani sufi mutumin Masar mai suna Yohanna ya kafa shi a ƙarshen ƙarni na 5, Farisawa suka rushe shi a 614 suka kashe sufayen, sannan wani sufi Bagirke mai suna Kalinikos ya sake gina shi tsakanin 1878 da 1901. Mai gajeren wando ko buɗaɗɗiyar kafaɗa ba ya shiga, mace ko namiji. Ana ce wa sufi "Abuna" idan za a yi masa magana, kuma a tambaye shi kafin a ɗaga waya don hoto.

Mai ƙarfin ƙafa yana iya sallamar direba ya bi 'yar siririyar hanyar da ke bin gefen kwazazzabo har Ariha, tafiyar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tana fitowa a Tulul Abul Alayiƙ, kufan fadojin hunturu na sarakunan Yahudawa na gidan Hasmoniya da na sarki Hirudus, wanda a Ariha ya mutu. Babu inuwa a hanyar, babu shago. Kowane mutum ya riƙe ruwa aƙalla lita 2 don wannan zango kaɗai. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, haɗarin dabam ne: ruwa na sauka a duwatsun Ƙudus, ƙasar ba ta shanye shi, sai ya taho kwazazzabo a guje alhali sararin Ariha garau yake. Hasashen yanayin Ƙudus ake dubawa kafin a sauka, ba na Ariha ba.

Aƙabat Jabar da muka wuce ba wurin kallo ba ne, unguwar mutane ce. An kafa sansanin a 1948, kuma kafin yaƙin 1967 mutanen cikinsa sun kai kimanin dubu talatin. A wannan yaƙi yawancinsu suka tsallaka Jodan, shi ya sa har yau sansanin ke da fili fiye da sauran sansanonin Gaɓar Yamma. Sojoji na kai samame a cikinsa lokaci zuwa lokaci, kuma idan aka yi haka akan datse mashigar kudu ta gari. Direbobi na sanin labarin tun asuba ta wayoyinsu, a tambaye su a kuma ji maganarsu. Ba a ɗaukar hoton mutane ko ƙofar gida ba da izini ba.

Daga nan muka nufi arewa maso yamma, wajen kilomita 2 daga dandali, inda abubuwa huɗu suke kusan a tsaye ɗaya: Tal as-Sulɗan, wato tudun kufan tsohon garin, marmaron Ain as-Sulɗan, tashar motar igiya mai hawa dutsen Ƙuruntul, da sansanin da ke ɗauke da sunan marmaron. Mun fara hawa dutse kafin kufai, saboda sufaye na rufe ƙofa, kufai kuwa na jira har la'asar.

Motar igiyar, wadda mutanen gari ke kira talfarik, tsawonta mita 1,330, kowane akwati na ɗaukar mutum 8, tafiyar kamar minti biyar a saman gonakin ayaba da dabino. Abin da ba a faɗa wa mai sayen tikiti shi ne tashar sama ba ita ce ƙarshen hawa ba. Akwai sauran matakala masu yawa kafin ƙofar gidan sufayen Ƙuruntul, kuma tsoho ko mai ciwon gwiwa zai sha wuya. Tikitin kuma bai tabbatar da cewa ƙofar a buɗe take ba, domin kamfanin igiya daban, sufaye daban. A tambaya a ƙasa kafin a biya. Ranar Lahadi akan rufe wa baƙi, ranar Asabar a tashi da wuri. Ginin da ake gani yau na 1895 ne, dogon siririn lungu ne da dutse ya zama bangonsa ɗaya, ɗakunan sufaye a ɗaya gefen suna rataye a kan rami. A cikin ɗakin ibada na sama akwai dutsen da Kiristoci ke cewa a kansa Yesu ya zauna a azuminsa na kwana arba'in, lokacin da Shaiɗan ya jarraba shi. Daga barandar ana ganin garin duka, da Tekun Gishiri ta kudu, da duwatsun Jodan a tsallake. A gindin dutsen akwai Ɗawahin as-Sukkar, ragowar matsar rake da ruwa ke juyawa tun zamanin yaƙe-yaƙen gicciye da Mamluka. Mutane na wucewa ba su lura da ita ba, alhali minti goma ya isa.

Tal as-Sulɗan kuwa yana ba mutane da yawa kunya, kuma laifin na masu talla ne. Ana gaya musu za su ga ganuwar da ta faɗi a zamanin Yusha'u, sai su tarar da tudun ƙasa da ramukan haƙa. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa yana cikin babban ramin da masaniyar kufai Kathleen Kenyon ta haƙa tsakanin 1952 da 1958: hasumiyar dutse mai tsawon mita 8.5, da matakala 22 a cikinta, an gina ta wajen shekara 8000 kafin haihuwar Annabi Isa, tun mutane ba su fara gina tukunya ba. Ta sama ake leƙa ta, domin ƙasar dubban shekaru ta binne ta. A bangon ramin ana ganin sahu-sahu na tubalin laka da toka, kowane sahu gari ne da aka gina a kan wanda ya rushe. John Garstang, wanda ya yi haƙa a nan daga 1930 zuwa 1936, ya ce ya gano ganuwar Yusha'u, Kenyon ta zo ta nuna cewa waccan ganuwa ta girmi zamanin da ɗaruruwan shekaru. Tun 1997 masana daga jami'ar Sapienza ta Rum ke aiki a wurin tare da Falasɗinawa, kuma a Satumban 2023 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Babu inuwa ko ta taki ɗaya a kan tudun. Dalilin da ya sa aka yi gari a nan yana tsallaken titi: marmaron Ain as-Sulɗan, wanda Kiristoci ke dangantawa da Annabi Elisha da ya zuba gishiri ruwan ya gyaru. Har yau shi ke shayar da gari da gonakinsa ta ƙananan magudanai da ke bin gefen tituna.

Tsakar rana muka kai fadar Hisham, kuma da gangan muka yi haka, domin ita kaɗai ce ke da rufi. Tana arewacin gari, 'yan mintoci a mota. Sunanta na kufai Khirbat al-Mafjar. Ginin Banu Umayya ne, ana danganta shi da halifa Hisham bin Abdulmalik da ya yi mulki daga 724 zuwa 743, kodayake Robert Hamilton, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi nazarinsa, ya fi karkata ga ɗan ɗan'uwansa Walid bin Yazid. Girgizar ƙasa ta wajen 749 ta rushe shi. Dimitri Baramki, Bafalasɗine, shi ya haƙo shi daga 1934 zuwa 1948. Akwai fada, da masallaci mai mihrabi, da tafkin ado, da babban gidan wanka. Daɓen zauren wankan shi ne abin zuwa: ya haura murabba'in mita 800, an shimfiɗa shi da miliyoyin ƙananan duwatsu masu launin halitta, an raba shi gida 38, kowanne da zanensa, kamar an jera dardumai a zauren sarki. Shekaru da yawa yana rufe da yashi don kada ya lalace, sai a 2021 aka buɗe shi bayan Japan ta biya kuɗin rumfa da gadojin tafiya a samansa. Wanda ya zo kafin wannan shekara bai ga wurin ba, a gaskiya. A ƙaramin ɗakin baƙi na kusurwa akwai hoton bishiya mai 'ya'ya, barewa biyu na kiwo a gefe ɗaya, zaki ya danne ta uku a ɗaya gefen. Mutum-mutumin farar ƙasa da aka samu a nan, har da na wani mai sarauta tsaye a kan zakuna biyu, suna gidan tarihi na Rockefeller a Ƙudus, kada a ɓata lokaci ana nemansu. Awa ɗaya da rabi ba ta yi yawa ba.

Mun yi azahar a masallacin tsakiyar gari. Bahaushe ya kula da alƙibla: a nan kudu ake fuskanta, a ɗan karkata gabas, kuma wanda ya tsaya sallah a fili ya bi sabonsa na gida zai fuskanci Jodan. A kusa da dandali akwai wuraren cin abinci da masu sayar da ayaba, lemo da dabinon majhul, wanda ake girbewa a Satumba da Oktoba. Baƙar fata ba abin kallo ba ne a Ariha, akwai 'yan asalin garin da ƙauyukan gefensa masu duhun fata. Dattijo "Hajji" ake ce masa ko "Ammi". Bishiyar ɓauren da aka ce Zakka mai karɓar haraji ya hau don ya hangi Yesu tana 'yar tafiya daga dandali, cikin harabar gidan tarihin Rasha da aka buɗe a 2011. Daga titi ma ana ganinta ta shinge. Minti biyar.

Bakin kogi muka sa a gaba bayan azahar, domin yana rufewa da wuri, musamman Juma'a da hunturu. Wurin da ake kira Ƙasr al-Yahud, inda Kiristoci ke cewa Annabi Yahaya ya yi wa Yesu baftisma, na wajen kilomita 10 gabas da gari, ana shiga daga babbar hanya mai lamba 90. Yankin soja ne. Bayan 1967 an dasa nakiyoyi a filayen cocin da ke gefen hanyar, wurin bai koma karɓar baƙi kullum ba sai 2011, kuma ƙungiyar HALO ta yi aikin kwashe nakiyoyin daga 2018. Duk da haka ba a sauka daga kwalta, ba a tsallake waya. A tafi da fasfo da shuɗiyar takardar nan, a kuma tambayi direba tun a gari ko motarsa na wuce shingen. Kogin kansa ɗan siriri ne, ruwansa launin laka, faɗinsa 'yan mitoci, an ja igiya a ciki don kada mai wanka ya tsallaka iyaka. Mutanen da ke tsaye a ɗaya gaɓar suna al-Magɗas ne, cikin Jodan, ana jin muryarsu sarai. Ayarin masu ziyara Kiristoci daga Najeriya na zuwa nan da fararen riguna. Ruwan ba na sha ba ne, ko an cika gora da shi. Ranakun 18 da 19 ga Janairu cocin Otodoks ke bikinsu a nan, cunkoso sai wanda ya gani. Akwai wani abin da ke rikita mutane: Falasɗinu da Isra'ila ba koyaushe suke canza agogon bazara a rana ɗaya ba, sai ka ga na 'yan kwanaki akwai bambancin awa guda tsakanin agogon gari da na mai tsaron ƙofa. A hanyar dawowa akwai Dair Hajla, gidan sufayen Jarasimos da aka kafa a ƙarni na 5, mai inuwa da wurin zama, kuma ya fi sauran sauƙin shiga.

Maƙamin Annabi Musa muka bari na ƙarshe, tunda masallaci ne, ba ya korar mai zuwa da yamma. Yana wajen kilomita 11 kudu da Ariha, ana ratsewa daga hanya mai lamba 1 da ke hawa Ƙudus, a shiga hamada kaɗan. Sarbis ba ya zuwa, kuma wanda ya sallami direbansa a nan zai daɗe a tsaye. Yanki ne na C, wato inda Isra'ila ke da iko, akwai filin atisayen soja a kusa, don haka ba a yawo cikin tuddai. Sarkin Mamluka Zahir Baibars ya gina ƙubba da masallacin a 1269, aka yi ta ƙara ɗakuna a zamanin Mamluka da Usmaniyya har suka haura ɗari, kewaye da babban tsakar gida mai rijiyoyin tara ruwa, da fararen ƙubbobi a sama. An yi masa babban gyara da kuɗin Tarayyar Turai, wasu ɗakunan sun zama masauki. Kabarin na cikin ɗaki a gefen masallaci, lulluɓe da koren ƙyalle, ana ganinsa ta taga.

Ko Annabi Musa na kwance a nan, magana ce da malamai ba su haɗu a kanta ba. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce ya roƙi Allah ya kusantar da shi ƙasa mai tsarki gwargwadon jifan dutse, kuma kabarinsa na gefen hanya kusa da jan tudun yashi, ba a ambaci sunan gari ba. Attaura ta ce a ƙasar Mowab ya rasu, tsallaken kogi, ba wanda ya san kabarin. Daga rufin maƙamin, idan sarari ya yi kyau, ana hango duwatsun da Nebo ke cikinsu, wato dutsen da Attaura ta ce Annabi Musa ya hau ya hango ƙasa mai tsarki, kuma wasu masana tarihi na ganin asalin wurin zango ne da matafiya ke tsayawa su hangi can. Mai tsaron wurin ba zai yi maka gardama ba, kai ma ba sai ka kai masa ita ba. Ɗaruruwan shekaru ana yin mausimi, wato bikin ziyara, a nan duk bazara, mako guda, daidai da lokacin Ista na Otodoks: ayari ya taso daga Ƙudus da tutoci, mutanen Nablus da na Khalil su zo da nasu. A lokacin wannan biki ne rikicin Ƙudus na Afrilun 1920 ya tashi. Bayan 1948 ayarin ya mutu, abin da ake yi yanzu ƙaramin taro ne. A wajen ganuwa akwai tsohuwar maƙabarta, da ƙaramar ƙubbar Hasan ar-Ra'i can gaba, da baƙin dutsen yankin mai ɗauke da kwalta, wanda ke kama wuta idan an kunna masa, makiyaya na nuna wa baƙi shi.

Mun bar wurin kafin duhu, domin hanyar da ke fita zuwa kwalta ba fitila, kuma shingen mashigar Ariha ya fi tara layi da yamma. Wanda zai zo tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya raba wannan zagaye kwana biyu, ya kuma cire tafiyar ƙafa ta Wadi Kilt gaba ɗaya. Ranar da ta fi dacewa ita ce tsakanin Litinin da Alhamis, lokacin da masu mabuɗan huɗu duk suna bakin aiki.